Wane Ne Koudoukou, Kuma Wa Ke Riƙe da Sunayen Mamatanmu?

Masu sauraronmu na ruga da na kasuwa, na Bangui da Beloko da Garoua-Boulaï, na Kabo da Sido, da ku direbobi da kuka ja birki a bakin shinge kuna jiran a ɗaga sanda, barkanmu da warhaka. Iyayenmu makiyaya da suka fara juya kan garke zuwa arewa tun da ruwa ya sauka, jam na? Allah ya kai ku mashaya lafiya.

Ranar 11 ga watan Mayu na ƙaratowa. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ita ce ranar da aka keɓe don tunawa da mutanen da rikici ya ci. A kanta zan yi magana yau, amma ta wata hanya zan biyo, hanyar da duk wanda ya taɓa sauke kaya a Kilomita Biyar ya taka da ƙafarsa.

Duk ɗan kasuwar da ya shigo unguwar nan da ake ce wa PK5, ya gama ciniki a kasuwar Mamadou Mbaïki, in Juma'a ta riske shi, babban masallaci yake nufa. Masallacin Koudoukou. Haka kowa ke faɗa, har jaridun duniya. Titin da ya ratsa unguwar sunansa Koudoukou, makarantar da ke kusa ma haka. To ku gwada wani abu ranar Juma'a mai zuwa: in an sallame, ku tambayi na kusa da ku a sahu, wane ne Koudoukou? Wani zai ce sunan unguwa ne kawai. Wani zai ce ƙila wani tsohon limami ne, ko attajirin da ya ba da fili.

Soja ne. Soja ne da ya mutu a yaƙi, a wata ƙasa mai nisa, shekaru fiye da tamanin da suka wuce.

Sunansa Georges Koudoukou. An haife shi a 1894 a garin da Turawa suka sa wa Fort-Crampel, wato Kaga-Bandoro ta yau, wadda makiyayanmu suka sani ciki da bai. Ya shiga sojan Faransa a 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, ya yi ta hawa a hankali daga ƙasa, irin hawan da baƙar fata ke yi a wancan zamani, da guminsa. A 1940 Jamus ta murƙushe Faransa. Janar Digol ya tsere Ingila yana kiran a ci gaba da yaƙi, kuma akwai yankin da ya fara amsa masa a Afirka. Cadi ce, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ranar 26 ga Agusta 1940, sai Kamaru, sai Kongo, sai ƙasar nan, wadda a lokacin ake kira Ubangi-Shari. Koudoukou yana barikin Kassaï a Bangui, babba ne a cikin sojoji baƙar fata, maganarsa na da nauyi, kuma ya ja mutanensa suka bi ɓangaren Digol.

A ƙarshen shekarar aka haɗa bataliya a Bangui, wadda ake taƙaita sunanta da BM2. 'Ya'yan manoma ne da masunta da mafarauta, daga ƙasar nan da kudancin Cadi. Farkon 1941 suka bar gida. Suka yi yaƙi a Siriya. A watan Disamba na 1941 aka ba Koudoukou muƙamin ƙaramin laftanar, ya zama ɗan ƙasar nan na farko da ya taka matsayin hafsa, bayan shekara 25 yana cikin kaki.

Daga nan sai hamadar Libiya, wani wuri da ake kira Bir Hakeim. Mai jin Larabci ya san bir rijiya ce. To amma rijiyar ta daɗe da ƙafewa. Makiyayi ya fi kowa sanin me ake nufi da a ce ka sauka a bakin rijiyar da babu ruwa, babu inuwa, babu ko sabara, sai tsakuwa da rana, ruwan sha kuma sai an kawo a mota an auna wa kowa. Nan aka ajiye sojoji wajen 3,700 a ƙarƙashin Janar Koenig, aka ce su tare hanya. Daga ƙarshen watan Mayu na 1942 rundunar Jamus da Italiya ta Janar Rommel ta taso musu da tankoki da igwa da jiragen sama. Sau uku ana aiko musu su miƙa wuya, suna ƙi. Mako biyu suka riƙe wurin, har sojan Ingila suka samu sukunin ja da baya su sake shiri. Mutanen Ubangi-Shari su aka ba gefen arewa, inda wuta ta fi tsanani a kwanakin ƙarshe, kuma sun yi asarar rayuka mai yawa.

Ranar 10 ga Yuni, harsashin igwa ya samu Koudoukou a ƙafa. A nan filin daga likita ya yanke ƙafar. A daren ne, da ruwa da harsasai suka ƙare, sojojin suka fasa zoben da aka yi musu, suka ratsa ta cikin nakiyoyi a duhu, suka fice da shi. Ya rasu ranar 15 ga Yuni 1942 a asibitin Iskandariya ta Masar, yana da shekara 48. A watan Satumba na wannan shekara Digol ya sa shi cikin waɗanda aka ba lambar 'yantar da Faransa, lambar da mutum 1,038 kacal suka samu a tarihi. Ita ma bataliyar an ba ta. Yau a birnin Paris akwai gada da tashar jirgin ƙasa masu suna Bir Hakeim, kusa da dogon hasumiyar ƙarfen nan. Mu kuma nan muna da titi, titi ya ara wa masallaci suna.

Na ja labarin ne don ku ga yadda sunan soja ke tsira. Soja yana da lamba. Yana da rajista: ranar da ya shiga, sunan garinsu, inda aka tura shi, ranar da ya faɗi. Ko bayan shekara ɗari, mai bincike zai buɗe kundi ya same shi. A kan wannan rajista gwamnatoci suka gina al'adunsu na shekara-shekara.

Mafi shahara a ciki ita ce ta 11 ga Nuwamba. A wannan rana a 1918, da ƙarfe 11 na safe, aka tsagaita wutar yaƙin duniya na farko. Har gobe a Ingila ana yin shiru na minti biyu a daidai wannan lokaci, mutane na maƙala jan fure a ƙirji. A Paris akwai kabarin wani soja da ba a san ko wane ne ba, an binne shi a madadin duk waɗanda aka kasa ganewa, kuma tun 1923 kullum da yamma sai an je an iza wutar da ke kansa.

'Yan'uwanmu masu zuwa fatauci Najeriya sun san tasu: ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu. Da can su ma a Nuwamba suke yi, sai aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin ranar akan yi addu'a a masallatan Juma'a da majami'u, a sayar da ɗan tambarin da ake maƙalawa a riga don a tallafa wa iyalan sojoji. Ran nan kuwa shugaban ƙasa ya ajiye furanni a Abuja, gwamnoni su yi a jihohinsu, a busa begila, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. Nan Bangui ma, duk 29 ga Mayu dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, wato MINUSCA, kan yi fareti su tuna da nasu da suka mutu a ƙasar nan, kuma ba kaɗan ba ne. Wasunsu a kan hanyar rakiyar ayarin motocinmu suka gamu da ajalinsu. Wannan ya kamata direba ya riƙe a ransa, ko da kuwa yana da ƙorafi a kansu, kuma na san akwai.

Na san wasu malamanmu ba sa son zancen furanni da tsayuwar shiru, suna cewa ba tarbiyyarmu ba ce. Ba zan shiga fatawa ba, ba fagena ba ne. Ni abin da ya fi damuna a bikin gwamnati wani ne daban. Tantabara ta tashi, an tafa, an naɗe jan kafet, matar soja kuma tana nan tana zarya a ofis da takardu a leda. Faransa da ta sa wa gada sunan Bir Hakeim, ita ce a 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka, Bafaranshe na karɓar nasa yana ƙaruwa, abokin ramin yaƙinsa na Bangui ko Sarh na karɓar abin da bai taka kara ya karya ba. Sai daga 2007 aka fara daidaitawa, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kuma a ranar 1 ga Disamba, da muke kallon faretin kafa jamhuriya a nan, a Sanagal makoki ake yi. A wannan rana a 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu na albashi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi na cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

To wannan fa masu lamba ke nan. Ina ga marasa lamba?

A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta Ingila da ƙasashen da ta raina ta fitar da rahoto a kan kanta. Ta ce aƙalla mutum 116,000, ƙila ma har 350,000, waɗanda suka mutu a hidimar yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan dutse ko allo ba. Ministan tsaron Ingila ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri. Da yawa daga cikinsu 'yan dako ne, masu ɗaukar harsasai da buhunan abinci a ka. Ba su riƙe bindiga ba, su suka ciyar da masu bindiga, zawo da yunwa suka kashe su a hanya, aka rufe su a inda suka faɗi. Ɗan kasuwa, ka ji wannan, ai ka san danginka ne.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar nan tana da ranakun tunawa da matattu, kuma abin lura shi ne manyansu ba na sojoji ba ne. Ranar 29 ga Maris ta Barthélemy Boganda ce, uban ƙasa, wanda jirgin sama ya faɗi da shi a 1959. Ranar 18 ga Janairu ta 'yan makaranta ce, waɗanda suka fito a 1979 suna ƙin tufafin makaranta da Bokassa ya tilasta wa iyaye saye. Soja suka harbe su a titi, a watan Afrilu kuma aka kwashe wasu zuwa kurkukun Ngaragba, yara wajen ɗari ba su koma gida ba. Babban titin Shahidai da ke tsakiyar Bangui don su aka sa masa suna. Sai kuma 11 ga Mayu, wadda ta fito daga babban taron sulhu na Bangui da aka yi daga 4 zuwa 11 ga Mayu 2015, zamanin riƙon ƙwaryar Catherine Samba-Panza. Taron nan ne kuma ya nemi a mayar da sallolinmu biyu ranakun hutu na ƙasa. Duk shekara a wannan rana ƙungiyoyin waɗanda rikici ya shafa kan taru, a ajiye furanni, a yi jawabai, su sake miƙa kokensu na shari'a da diyya.

Tambayata ita ce: a wannan taro, mutum nawa ne daga ruga? Mutum nawa ne daga tasha?

Ba sai na tuna wa mutanen Kilomita Biyar abin da ya faru ba, amma akwai yara masu sauraro da aka goya a baya aka tsallaka da su Kamaru ko Cadi, yau sun zama samari, ba su san komai ba sai gutsuri-gutsuri. A watan Maris na 2013 Seleka ta ƙwace Bangui, kuma ta yi ɓarna mai yawa a kan jama'a, wannan gaskiya ce da ba ta ɓoyuwa. Ranar 5 ga Disamba na shekarar 'yan anti-balaka suka afka wa birnin, aka yi ta ramuwa a kan ramuwa, cikin 'yan kwanaki rayuka wajen dubu suka salwanta. Daga nan fushi ya koma kan duk wani Musulmi, mai laifi da marar laifi. Ranar 18 ga Janairu 2014, ranar da ake tunawa da 'yan makarantar can, aka kashe Musulmi wajen ɗari a Bossemptélé, a kan hanyar da motocinmu ke bi kullum. Waɗanda suka tsira, wani fada mai suna Bernard Kinvi ne ya ɓoye su a asibitin mishan, ya kuma bi daji yana tattara gawarwaki yana binnewa. A Yaloké, Fulani wajen 500 da suka sha tafiyar daji suka maƙale a wasu gine-gine, ba shanu ba nono, kafin ƙarshen 2014 fiye da 40 sun mutu da yunwa da cuta, yawancinsu yara. A watan Maris na 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce cikin masallatai 436 na ƙasar, 417 an rushe su.

Masallacin Koudoukou yana cikin 'yan kaɗan da suka tsaya. Harabarsa ta zama sansanin masu gudun hijira. Masallacin Ali Babolo kuwa ya koma wurin ajiye gawa, nan ake kawo mutum a wanke shi a yi masa sutura. Sai dai ina za a kai shi? Maƙabartar Musulmi tana Boeing, wajen filin jirgin sama, hanyar kuma ta zama ta mutuwa. Shekara biyu mutanen unguwar nan ba su da ikon raka mamacinsu maƙabarta. Mutane suka riƙa haƙa kabari a tsakar gida. Akwai gidaje a Kilomita Biyar da yara ke wasa a gefen kabarin ubansu, akwai kuma gidajen da aka sayar, mai sabon gida bai san abin da ke ƙarƙashin daɓensa ba.

Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shigo wannan masallaci, ya tuɓe takalmi, Liman Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsaye a kan hasumiya da bindigogi. Duniya ta ga hoton. Amma in za a tambaye ni ranar da ta fi wannan nauyi ga unguwar, zan ce 11 ga Fabrairu 2016, ranar da mutanen PK5 da na Boeing suka sa hannu a kan alkawarin kada wani ya taɓa wani, aka buɗe hanyar maƙabarta. Daga ranar mutum ya sake samun damar ɗaukar makara a kafaɗa ya ratsa unguwar maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kauce ya ba shi hanya. A gurina wannan ya fi furanni dubu.

Waɗannan na cikin gari ke nan, inda akwai liman, akwai maƙwabta, akwai wanda ya ga gawa. Makiyayin da aka tare a burtali tsakanin Boda da Carnot fa? Yaron motar da aka sauke daga saman kaya a hanyar Baoro? Tsohuwar da ta gaji a dajin kan iyaka ta ce ku tafi zan biyo ku? Yawancinsu ba su da takardar haihuwa, balle ta mutuwa. A idon ofis ba su taɓa zuwa duniya ba, saboda haka ba su mutu ba. Haka direbobin Kamaru da aka harbe a kan titin Beloko zuwa Bangui, mai tsawon kilomita wajen 600, titin da yawancin gishiri da siminti da maganin ƙasar nan ke bi. Kun tuna ƙarshen 2020, da 'yan tawaye suka toshe shi, motoci fiye da dubu suka yi cirko-cirko a Garoua-Boulaï, albasa ta ruɓe a kan mota, farashi ya haukace a Bangui? Waɗanda suka ta da inji suka shiga wannan hanya, aikin 'yan dakon 1916 suka yi.

Akwai wata magana mai ɗaci da dole in faɗa, ko da wasu za su kashe rediyo. In muka ce a tuna da mamatanmu, wa muke nufi? Domin akwai masu jira su karɓe zancen su mayar da shi kirarin yaƙi. Ba duk wanda ya mutu da bindiga a hannu yana cewa yana kare mu ne ya kare mu ba. 'Yan kasuwar PK5 sun fi ni sani. Samarin da suka fara da tsaron unguwa, daga baya su suka koma karɓar haraji a kan kowace rumfa da kowace mota, har a watan Disamba na 2019 'yan kasuwa suka ce ya isa, aka yi ba-ta-kashi, kasuwa ta ci wuta, mutane da dama suka mutu. Hisabin wanda ya mutu yana wurin Allah, uwarsa kuma tana da haƙƙin ta yi masa addu'a, babu mai hana ta. Amma ba za mu ɗora shi a kan allo mu ce wa yara ga gwarzo ba.

Kuma jini bai zuba a gefe ɗaya ba. Majami'ar Fatima tana nan dab da mu. An kai mata hari a watan Mayu na 2014, aka sake ranar 1 ga Mayu 2018, mutane na tsakiyar ibada, aka kashe har da fada Albert Toungoumalé-Baba, mutumin da aka sani da aikin sulhu da Musulmi. A Koundjili da Lemouna, wajen Paoua, ranar 21 ga Mayu 2019, 'yan ƙungiyar 3R, masu cewa Fulani suke karewa, suka tara mazan ƙauye suka harbe fiye da mutum 30. Makiyayi na gari shi ya biya bashin wannan aika-aika, a kasuwa, a mashaya, a bakin gona. Duk wanda zai karanta sunayen Yaloké a ranar 11 ga Mayu, ya san a wani ƙauye ana karanta na Lemouna, kuma hawayen iri ɗaya ne. Marigayi Liman Oumar Kobine Layama ya gane wannan tun da wuri, shi ya sa ya yi ta yawo gari-gari tare da Kadinal Dieudonné Nzapalainga da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou, lokacin da yin hakan ke iya jawo wa mutum harsashi daga nasa.

To me za mu yi? Ba sai mun ari al'adar kowa ba, muna da tamu. A yaƙin Uhudu, shekara ta uku bayan hijira, sahabbai wajen 70 suka yi shahada. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya tsaya a kan binne su, ana sa mutum biyu a kabari ɗaya, yana tambayar wanda ya fi haddar Alƙur'ani a gabatar da shi. Mus'ab bin Umair, mayafinsa bai isa ya rufe shi duka ba, aka rufe kai da mayafi, aka rufe ƙafafu da ciyawa. Bayan shekara takwas ya koma ya yi musu addu'a kamar mai ban kwana. Marubutan sira kuma suka jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa da dangin da ya fito. Shi ya sa yau alhaji daga Bouar zai tsaya a gindin dutsen Uhudu ya yi wa Sayyidina Hamza sallama da sunansa. Wani ne ya zauna ya rubuta.

Roƙona ga ardo-ardo, da limaman unguwa, da sarakunan tasha, da shugabannin dillalan kara, har da na sansanonin gudun hijira a Kamaru da Cadi: kowa ya sayi littafin rubutu guda, mai kauri, ba na yaran firamare da ke yagewa ba. A zauna da tsofaffi, musamman mata, don su ne ba sa manta wanda ya fita bai dawo ba. A rubuta sunan mamaci da na mahaifinsa, da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da rugarsu ko unguwarsu, da inda abin ya faru. In an manta kwanan wata, a rubuta abin da aka tuna: kafin azumi ne ko bayan babbar salla, da rani ne ko da damina, shekarar da aka kwashe mutanen PK12 zuwa Kabo da Sido ce, wato 2014, ko ta bayanta. A rubuta wanda ya gani da idonsa, da inda aka rufe shi in an sani. Wanda ya ɓata ba a ga gawarsa ba, a ba shi shafinsa daban, kada a kashe mutum a takarda alhali ƙila yana Moundou yana sayar da shayi. Da ajami ko da boko, duk wanda hannu ya fi sabawa. A ɗauki hoton kowane shafi a waya a aika wa wani amintacce a ɗaya gefen iyaka, saboda gara da gobara, kuma mun ga yadda littattafan masallatai suka ƙone tare da masallatan.

Abu guda kada a sa a wannan littafi: sunan wanda ake zargi da kisa. Littafi ne mai yawo hannu-hannu, in ya faɗa hannun yaro mai zafin kai, mun haƙa sabon kabari da alƙalaminmu. Wanda ke da shaida a kan wani, akwai inda ake kai ta. Kotun musamman ta manyan laifuka da ke nan Bangui, wadda aka kafa da dokar 2015, ta yanke hukuncinta na farko ranar 31 ga Oktoba 2022, a kan mutum uku 'yan 3R saboda kisan Koundjili da Lemouna, daga baya kuma aka biya diyya. Wa aka biya? Waɗanda sunayensu ke cikin takardun shari'a. Kotun duniya da ke Hague, a watan Yuli na 2025, ta ɗaure jagororin anti-balaka biyu, Alfred Yekatom shekara 15, Patrice-Edouard Ngaïssona shekara 12, kan abin da aka yi wa Musulmi a Bangui da yammacin ƙasa. Alƙali ba ya karɓar "an kashe mana mutane da yawa". Zai ce wa da wa, a ina, yaushe, wa ya gani. Tsofaffin da suka san amsa kuwa duk damina raguwa suke yi.

Juma'ar da ta fi kusa da 11 ga Mayu, in liman ya ga dacewa, bayan an sallame a ɗan dakata, a karanta shafi ɗaya ko biyu, a yi musu addu'a, a kuma duba ko a cikin sahu akwai marayansu da ke buƙatar kuɗin makaranta ko 'yar karsana ta fara garke. Wanda ke daji ba masallaci kusa, ya tara iyalinsa bayan magariba ya faɗa wa yara sunan kakansu da inda yake kwance.

Wanda ya fara littafinsa kuma yana son a sanar, ya aiko mana da saƙo ta hanyar da kuka saba, sunan ruga ko unguwa kawai, ba sai da sunayen mamata ba, za mu karanta a shiri don wasu su san inda za su kai nasu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun rigakafin shanu kafin tsallaka iyaka, da takardun da ake tambaya a shinge. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare matafiya. Wassalamu alaikum.